Amsa ga Hajiya kan zuwan ɗiyarta ɗakin gwaji

Assalamu alaikum. Hajiya, barka da yamma, da fatan kowa lafiya a Aboabo. Na saurari saƙonki cewa ɗiyarki ta samu gurbin sanin makamar aiki a ɗakin binciken ƙwayoyin cuta a wannan dogon hutu, amma hankalinki bai kwanta ba, kina gudun kada ta kwaso ciwo. Ni ma na yi irin wannan horo a nan Kumasi, kuma shawarata ita ce ki bar ta ta je.

Ba a damƙa wa sabon ɗalibi samfuri mai haɗari. Da farko wankin kwalabe za ta yi, da haɗa abincin da ake shuka bakteriya a kansa, da kula da tukunyar tururi wadda ke kashe ƙwayoyin cuta a zafin digiri 121 cikin minti 15. Farar riga da safar hannu dole ne, kuma ko ruwan leda ba a sha a ciki. Roƙona ɗaya, ki tabbatar ta yi rigakafin ciwon hanta nau'in B kafin ta fara, tunda aikin yakan haɗa da jini.

Abin da za ta fi koya shi ne haƙuri. Idan aka shuka fitsarin mara lafiya a faranti aka ajiye a zafin digiri 37, washegari an ga abin da ya tsiro, amma ƙwayar gyambon Buruli, wadda cibiyar binciken cututtuka ta KCCR da ke cikin jami'ar kimiyya da fasaha ta KNUST a nan Kumasi ta daɗe tana bincike a kanta, sai ta kai mako shida ko fiye kafin ta nuna kanta, kuma duk tsawon lokacin ana dubawa ana rubutawa.

Gwajin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na auna ƙarfin magani. Ana ɗora ƙananan takardu masu ɗauke da magunguna daban-daban a kan bakteriyar da aka shuka, idan maganin yana ci sai a ga fili ya zagaye takardar, a auna faɗinsa da milimita. Sau da yawa, Hajiya, na ga bakteriya ta tsiro har jikin takardar amfisilin, wato maganin bai taɓa ta ba. Daga cikin dalilan akwai kafson nan da muke saye a kemis ba da takardar likita ba, mu sha kwana biyu mu ajiye da zarar mun ji sauƙi. Wannan ciwon namu ne a Zango, kuma muna bukatar 'ya'yanmu da suka gani da idonsu, waɗanda za su iya yi wa iyayenmu bayani da Hausa.

Kada ki sa ran albashi, ki tanadar mata kuɗin mota da na abinci. Ta riƙe littafi tana rubuta duk abin da ta yi da kwanan watansa, kuma kafin ta gama ta nemi takardar shaida daga malamin da ya kula da ita, domin za ta yi mata amfani lokacin neman wurin bautar ƙasa. Allah ya ba ta sa'a.