Me ya sa Nijar ke bikin ranaku biyu?

Ɗan'uwa da ka tambaya wai ranar 'yancin Nijar 3 ga Agusta ce ko 18 ga Disamba, duk biyun ana biki amma ba abu ɗaya ba ne. Mu nan gefen Maigatari da muke cin kasuwa da mutanen Damagaram mun saba jin wannan ruɗanin.

A 1922 Faransa ta mai da Nijar cikakkiyar ƙasar mallakarta, hedikwata tana Zinder, sai 1926 aka kwashe ta zuwa Yamai. To a Satumban 1958 De Gaulle, shugaban gwamnatin Faransa a lokacin, ya kawo ƙuri'ar raba gardama, ko a zauna da Faransa ko a fita, Djibo Bakary na jam'iyyar Sawaba ta Nijar ya ce a'a, amma "eh" ta ci, shi ya sa 18 ga Disamba 1958 Nijar ta zama jamhuriya ce kawai a ƙarƙashin inuwar Faransa. Cikakken 'yanci sai 3 ga Agusta 1960, Diori Hamani shugaba, wata biyu kafin namu na Najeriya.

Kuskuren da yara ke yi a jarrabawa, su ce Gini ma haka, ai ita ta ce a'a tun 1958 ta tafi abinta. In aikin makaranta ne dai ka nemi malamin tarihi a BUK ko jami'ar Dutse ya duba maka.