Zan iya haɗa janareta da gida ta soket, ba sai da canjoba ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Na sayi janareta mai 2.5 kVA saboda yawan ɗauke wuta a unguwarmu a Katsina. Wani abokina ya ce kada in ɓata kuɗi wajen sa canjoba, wato makunnin da ke sauya gida tsakanin wutar NEPA da ta inji, in sa a haɗa mini waya mai fulogi kai biyu, ɗaya a jikin inji, ɗaya a soket ɗin falo, sai dai in riƙa kashe babban makunnin gida kafin in tayar. Ya ce shekara biyu ke nan haka yake yi. Akwai matsala?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Don girman Allah kada ka yi. Dabarar abokinka gaba ɗaya ta rataya ne a kan abu guda, wato kada a taɓa mantawa da makunnin nan. To kai ba ka manta ba, ranar da ka yi tafiya fa, aka ɗauke wuta da magariba, yaro ya je ya ja inji?

Idan makunnin yana kunne, wutar injinka ba ta tsayawa a gidanka. Ta mita take bi ta fita ta hau layi. Taransifomar unguwa aikinta ta sauko da wuta daga bolt 11,000 zuwa 230 da muke amfani da ita, kuma idan aka ba ta wuta ta baya, ɗaga ta take yi. Ƙaramin inji ba zai jure ciyar da unguwa ba, nan da nan zai shaƙe, amma wannan ɗan lokacin ya ishi ma'aikacin da ke saman fal, wanda ya kama waya da yaƙinin an kashe layi. Idan kuma NEPA ta dawo inji yana aiki, wuta biyu sun yi karo ke nan. Na sha buɗe irin waɗannan injuna: koyil ya yi baƙi ƙirin, yana warin ƙonannen roba, gyaransa ya ninka kuɗin canjoba. Ita kanta wayar mai kai biyu, da ka cusa kai ɗaya, ƙarafan ɗaya kan tsirara suke da wuta a hannunka.

Canjoba tana raba gardama ne domin hannunta ɗaya ne: ko NEPA, ko inji, ba ta yadda za su haɗu. Ka samo mai aikin wuta da ya san hannunsa ya ɗaura maka canjoba wadda ke yanke waya biyu, mai wuta da nutural, tsakanin mita da akwatin rabon wuta, ya ja waya mai kaurin 4mm zuwa inji, ya kuma haɗa jikin injin da sandar as, wato ƙarfen da ake kafawa a ƙasa don ya kai wutar da ta kuɓuce cikin ƙasa.

Injinka wat 2,000 ne a zahiri, ko kusa da haka. Zai riƙe ƙwayaye, fankoki, talabijin da firji ɗaya, amma firji yakan ja ninki uku na abin da ya saba a lokacin tashi, don haka a bar masa sarari. Dutsen guga shi kaɗai wat 1,000 ne ko fiye. Hita da sumon rijiya kuwa a jira NEPA.

Ba ka tambayi inda za ka ajiye injin ba, amma shi ya fi tayar mini da hankali. Tsoron ɓarayi kan sa mutane su shigar da inji zaure ko ƙarƙashin bene su rufe ƙofa. A cikin hayaƙinsa akwai iskar kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari. Mai ido biyu zai ji ciwon kai da jiri, mai barci kuwa ba ya farkawa. Ka ajiye shi a fili, kamar mita 6 daga taga da ƙofa, bakin salansa yana kallon waje. Idan sata kake tsoro, mai walda ya yi maka keji na ƙarfe mai rufin kwano, iska tana ratsa shi ta ko'ina.

Wajen tayarwa, a bar shi ya yi minti ɗaya ko biyu kafin a juya canjoba. Wajen kashewa, a fara juya canjoba sannan a kashe. Fetur kuma sai ya huce ake zuba masa.