Littafin da kika tsinta a adakar Yaya

Uwata,

Saƙonki ya iso tun ranar Laraba, na ƙi amsawa a tsaitsaye ne. Kin ce kuna fitar da kayan ɗakin Yaya, mahaifiyarki, za a yi fentin biki, kika ci karo da wani tsohon littafin rubutu a ƙasan adaka, babu komai a ciki sai jerin sunayen mutane da garuruwansu, kuma kin duba kaf ba ki ga sunan babanku ba, sai wani "Na Bakin Kasuwa" da ke maƙale a ƙarshen kowane jeri. Kika ce kuma ta kafe sai an kai sanarwar aurenki gidan rediyo, alhali kin riga kin watsa katin a WhatsApp. Shi ne kike tambaya wace irin al'ada ce wannan.

To, karkataccen rubutun nan nawa ne. Ina aji shida a firamare lokacin, wajen 1977, kuma ni kaɗai ne mai boko a gidanmu na Funtuwa, saboda haka ni ne magatakardan mata. Abin da kika gani gwajin katin zaɓe ne, wato katin gaisuwa da ake aika wa gidan rediyo. Sai mu fara jera sunayen a littafi, a yi ta gardama, a soke wannan a ƙara wancan, sannan in kwafe a kan katin da aka sayo, in lasa kan sarki in manna, in kai gidan waya da gudu. Daga nan sai jira. Wani katin mako biyu, wani wata guda, wani kuma har yau.

Shirin da ake aika wa shi ne Zaɓi Sonka. Kai ne za ka zaɓi mawaƙin da kake so, ka lissafa waɗanda kake gaisarwa, mai gabatarwa ya karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya, sannan ya saki waƙar. Tasharmu ita ce Rediyon Kaduna, wadda gwamnatin Sardauna ta buɗe a 1962. A 1978 aka mayar da ita ƙarƙashin Tarayya aka canza mata suna, amma mu dai ba mu taɓa kiran ta da wani abu ba sai Rediyon Kaduna. A lokacin tana kan mita 49 a gajeren zango, shi ya sa take ratsa ƙasashe. A zama ɗaya sai ki ji an gai da wani a Maraɗi, wani a Garwa, wani a zangon Kumasi, ga na Sabon Garin Zariya a tsakani. Ni a nan na fara sanin cewa Hausawa sun wuce inda motar Funtuwa ke tsayawa. In dare ya yi kuma iska ta kwanta, Baba kan murɗa ya kamo Muryar Sahel ta Yamai, mu ji irin tasu Hausar muna ƙunshe dariya.

Akwatin namu National ne, mai batir huɗu, an ɗinka masa riga ta yadi har da aljihu. In murya ta fara shaƙewa sai a kwance batiran a shanya a rana a kan katanga, a samu na kwana ɗaya ko biyu. Da safe na Baba ne, ya ji labarai. Da zarar ya sa ƙafa waje, rediyo ya koma tsakar gida, a ɗora shi a kan turmin da aka kifa, ana tankaɗe ana saurare. Ana kiran salla kuwa za a kashe, ko da Shata ne ke tsakiyar waƙa.

Kuma Shatan ne ya fi yawa a katunanmu, ga shi ɗan gari, don ya daɗe zaune a Funtuwa. Baba na Ɗanƙwairo ne, ya ce kotso shi ne kiɗan manya. Samari na son gurmin Haruna Uji da kuntigin Ɗanmaraya. Matan gidan, in aka saki amadar Barmani Coge, sai wata ta jawo ƙwarya ta kifa a ruwa a bi ta. Yaya ita waƙar Indiya ce tata, ba ta jin ko kalma ɗaya, amma ta haddace tsaf. Ni dai har gobe ban ga abin da aka gani a ciki ba, kada ki faɗa mata.

Amma waƙar ba ita ce zancen ba, Uwata. Sunayen ne. Mutum ya ji an ambace shi a rediyo, duk unguwa ta ji, washegari a kasuwa ana ce masa jiya mun ji an gaishe ka. Girmamawa ce a bainar jama'a, don haka ake yi mata tsari irin na gaisuwar zaure. Iyaye ne a gaba, sai surukai, sai yayye, sai ƙawaye, ƙanne su biyo baya. A gidan da ke da mata biyu, uwargida kafin amarya, ko da da amaryar kike shiri. Na san gidan da aka yi wata uku ba a ga-maciji saboda an tsallake gwaggo an fara da ƙawa. Kuma a ƙarshe dole a rufe da duk wanda ya ji ya ba da labari, saboda wanda aka manta ya samu inda zai raɓa.

Yanzu ga Na Bakin Kasuwa. Babanku ne. Shagonsa na ɗinki yana bakin kasuwa lokacin. Mace ba ta kama sunan mijinta, ba ta kama na ɗanta na fari, ba ta kama na surukanta, kuma abin da ba za ta faɗa a ɗakinta ba, ina za ta bari a faɗa da yawunta Arewa duka na ji? Sai a yi alkunya, a nemo laƙabin da shi zai gane, 'yan gida su gane, bare kuwa ya wuce. A ƙarshe ake sa shi ba don ya fi kowa ƙanƙanta ba, sai don kada a ce ta ɗoki miji. Ke ma ai kin ga ban taɓa kiran sunanki ba, tunda na mahaifiyarmu kika ci.

Sau ɗaya na karya wannan doka, kuma na ɗanɗana kuɗata. Watanni kaɗan da bikinsu, Yaya ta zo gida wuni ta ba ni jeri. Ni kuma da rawar kan ɗan boko na ga laƙabi ƙauyanci ne, sai na rubuta cikakken sunansa har da na mahaifinsa. Aka yi rashin sa'a katin ya fito ranar da ta sake zuwa, ana zaune ana tsinken zogale, ga Inna ga kishiyarta ga maƙwabta biyu. Mai gabatarwa ya ja sunan nan da kyau, har ya maimaita. Tsakar gida ta yi tsit. Yaya ta ja mayafi ta rufe fuska, ta shige ɗakin Inna, ba ta fito ba har aka yi magariba. Matan suka yi ta shewa suna cewa amarya ta kira miji a rediyo. Da ta kama ni a bayan rumbu, kunnen nan na hagu ta murɗe, ba ta ce uffan ba. Duba littafin, za ki ga shafi ɗaya an yage. Shi ne.

Daga baya kaset ya yawaita, muna ɗaukar waƙa daga rediyo muna jin haushin mai gabatarwa in ya sa baki a tsakiya. Sai tashoshin FM masu zaman kansu, irin Freedom da aka buɗe a Kano a 2003, sai wayar hannu, kowa ya bugo ya yi gaisuwarsa da bakinsa. Kati ya mutu a nan.

Batun sanarwa, ki bar ta ta kai. Ƙawayenta na zamanin zaɓe suna nan a Bakori da Malumfashi da Ɗandume, yawancinsu ba su riƙe babbar waya, amma rediyo na gefen gadonsu. Shekaru tana jin ana karanta auren 'ya'yansu tana zuwa, yanzu ga autarta. In ba su ji a can ba, cewa za su yi ba a gayyace su ba, ko kati goma kika tura wa jikokinsu.

Kafin a kai, ki turo mini jerin in duba. Dangin babanku su riga namu, gwaggonninki bi da bi yadda aka haife su, kuma ki tambayi iyayen angon yadda suke so a ambace su. Littafin kuma kada ya bi shara da tarkacen fenti. Ki ajiye mini, ina tafe ranar kamu.

Kawunki.