Mai gida ma yana iya zama talaka

Ɗan'uwa, ka tambaya ko mai gida nasa na kansa zai iya zama talaka. Ƙwarai kuwa. Gidan da muka gada a Maiwurno, kusa da Sinnar a ƙasar Sudan, babba ne, amma ko mun sayar, kuɗin ba zai kai mu ko bakin ƙofar Amarat, unguwar masu kuɗi a Khartum, ba. Kuma katanga ba ta sayen magani.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, masu gidajen bene a Khartum suka koma haya a Bur Sudan da Gadarif, inda kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabi. Kawuna haka ya zauna: takardar gida na jaka, abincin dare kuwa sai 'yan'uwa sun aiko.