Kujeru da fitilun zamani sirara ne, za su yi ƙarko kuwa?

Ɗan'uwa, damuwarka ita ce kayan ɗakin zamani ba su da kauri ko nauyi, kana tsoron su karye da wuri. Ƙarfin kujera ba a kauri kaɗai yake ba, siffarta ma tana da rawar takawa.

A 1859 wani masassaƙi mai suna Michael Thonet ya fitar da shahararriyar kujerarsa ta katakon da aka turara aka lanƙwasa. A 1925 wani mai tsara kayan ɗaki, Marcel Breuer, ya yi tasa da bututun ƙarfe. Ni dai abin da ya fi burge ni shi ne aikin wasu masu tsara kayan ɗakin, Charles da Ray Eames, na 1946: fallayen katako sirara ake mannewa, zaren kowane falle ya gitta na ƙasansa, sannan a matse su su ɗauki siffar jikin mutum. Gittawar ce ke hana tsagewa, lanƙwasar kuma ta raba nauyi.

Inda mutane ke ruɗuwa shi ne MDF. Garin katako ne da aka matse da gam. Yana shan fenti da kyau, amma da ruwa ya shiga gefensa sai ya kumbura, kuma ba ya riƙe sukuru sosai. Kafin ka saya, girgiza kujerar ka duba mahaɗanta, don daga nan lalacewa take farawa.

Fitilar LED kuwa, duk da ba ta zafi kamar tsohon ƙwan fitila, gindinta na ɗumi. Idan aka rufe ta ruf babu iska, ba ta daɗewa. In za ka haɗa ta da makunnin rage haske ko ka rataya mai nauyi a silin, kira ƙwararren mai gyaran wuta, don ba kowace LED ce ke aiki da irin wannan makunni ba.