Ga ƙanwata da oga ya riƙe mata takardar tafiya horo

Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ke da kika ce kin samu gurbin horo da ziyarar laburare a ƙasar waje, masu shiryawa sun ɗauki nauyin komai, amma oga ya ƙi sa hannu a takardar izini ga wa'adi yana ƙaratowa, kina tambayar me za ki yi: wallahi ina karanta saƙonki raina yana ɓaci, domin abin da aka yi mini ke nan a nan Katsina, kuma har yau bai bar zuciyata ba.

Nawa a Afirka ta Kudu ne. Ni na nemo, ni na cike fom da daddare bayan yara sun yi barci, da datar da na saya da kuɗina. Da sunana ya fito, abu ɗaya suka nema, wasiƙa daga wurin aiki cewa an sake ni. Na yi fasfo, na yi allurar shawara na karɓi katin, maigida ya amince, Hajiyarmu ta ce a kawo mata yaran. Na kai takarda ofishin oga, ya duba ya ce, "To, wa zai riƙe mana sashen katalog?" Na faɗa masa wanda zai riƙe. Ya ce in dawo gobe. Na dawo, aka ce yana mitin. Na sake dawowa, aka ce ya tafi Abuja. Sakatarensa har kunyar haɗa ido da ni yake yi, ga fayil ɗina nan a kan tebur ina kallonsa, ko buɗe shi ba a yi ba. Masu horon suna ta aiko mini da imel, ni kuma ina ta ba su haƙuri. Ranar da wa'adi ya cika na shiga ɗakin da muke ajiye tsofaffin jaridu na rufe ƙofa na yi kuka mai isata, na wanke fuska na fito na ci gaba da ba ɗalibai littafi.

Abin da ya fi ƙona mini rai daga baya na ji shi. Ashe mutumin nan ya rubuta musu cewa a musanya sunana da na wani yaronsa wanda bai ma karanta aikin laburare ba. Suka ce gurbin na wadda ta nema ne, ba na makaranta ba. Shi ke nan, ni ban je ba, yaron nasa bai je ba, gurbin ya tafi wata ƙasa. Kuma bayan wannan, a gaban kowa a taron ma'aikata, ya tashi yana faɗa wai ma'aikatan laburare ba sa son ƙaro ilimi, wai mun zauna muna gadin kanta. Ina zaune a layin gaba. Ya kalle ni ya kawar da kai. Ya yi ritaya yanzu, idan mun haɗu a wurin ɗaurin aure ko ta'aziyya ina gaishe shi saboda girmansa, amma na bar shi da Allah.

Saboda haka kada ki tsaya kan maganar baki. Gobe ki sake rubuta takarda kwafi biyu, ki kai wurin masu karɓar wasiƙu su buga miki hatimi da kwanan wata a kan taki. A ciki ki rubuta ƙarara cewa ko sisin kwabo makaranta ba za ta kashe ba, ki sa sunan wanda zai riƙe teburinki da sa hannunsa, ki yi alkawarin za ki shirya wa abokan aiki bita idan kin dawo. Da yawan shugabanninmu da zarar sun ji kalmar horo a waje, kuɗin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ke faɗo musu a rai, domin wannan ta hannun hukumar makaranta yake bi, kuma kowa na da wanda yake so ya tura. Ki raba masa su tun a sakin layi na farko, naki daban ne. Kuma ki rubuta wa masu horon yau, ki gaya musu gaskiyar halin da kike ciki, ki roƙi ƙarin lokaci. Ba ke ce ta farko daga Afirka da ta kawo musu irin wannan kuka ba. Ki tambaye su ko za su aiko wa shugaban makarantarku wasiƙa kai tsaye. Manyanmu suna jin nauyin takardar da ta zo daga waje fiye da wadda ƙaramar ma'aikaciya ta miƙa da hannu.

Kada ki yi masa tsawa, don Allah, ko da ranki ya kai maƙura. Ki nemi wanda yake jin kunyarsa. Shugaban ƙungiyarmu ta ma'aikatan laburare ta Najeriya, NLA, reshen jiha yana iya ɗaga waya ya yi masa magana, aikinsu ne, ƙungiyar tun 1962 take, ba don karɓar kuɗin shekara kaɗai aka kafa ta ba. Idan duk ya faskara, ki duba ko hutunki na shekara zai iya ɗaukar tafiyar. Kina da rajistar LRCN kuwa, wato hukumar da ke yi wa ma'aikatan laburare rajista? Idan babu ki yi, kada a samu abin fakewa.

Ku da ke manyan makarantu ma kuna da sauƙi. 'Yan'uwanmu da ke laburaren jama'a da na sakandare TETFund ba ta kallonsu ko kaɗan, domin manyan makarantun gwamnati kawai take yi wa aiki. Na san waɗanda suka tsufa a bakin kanta a ƙananan hukumomi ba a taɓa tura su ko bitar yini guda ba, kuma su ne ke zama da yaran talakawa da ke shirin jarrabawa. Wannan ma abin kuka ne.

In Allah Ya sa wannan ta kuɓuce, ba ita ce ta ƙarshe ba. Ki shiga AfLIA, ƙungiyar laburaren Afirka wadda aka kafa a 2013, ofishinta yana Accra. Suna yin darussa ta intanet, da yawa kyauta ne, sun ma taɓa yi wa ma'aikatan laburare kwas kan Wikipedia, kuma kin san Wikipedia ta Hausa tana neman masu kawo hujja daga littafi. Akwai Cibiyar Mortenson a Jami'ar Illinois ta Amurka, wadda ta yi aiki da laburaren ABU Zariya da na Jami'ar Bayero da tallafin Gidauniyar MacArthur. Akwai shirin IFLA, ƙungiyar laburaren duniya, da OCLC, wata ƙungiyar haɗin gwiwar laburare da ke Amurka, wanda ya riƙa kai matasan ma'aikata Ohio na mako huɗu, har da ziyarar laburaren Majalisar Dokokin Amurka a Washington. Gidauniyar Carnegie ma ta ɗauki nauyin horo a Jami'ar Pretoria, 'yan Najeriya sun je. Irin waɗannan suna buɗewa suna rufewa gwargwadon kuɗin masu tallafi, sai ki riƙa leƙa shafukansu. Babban taron IFLA kuwa ya zo Nairobi a 1984, Durban a 2007, Cape Town a 2015, mafi yawan shekaru yana can nesa da mu, kuɗin jirgi da biza kaɗai sun isa su zaunar da mutum.

Ni abin da ya ɗan warkar da ni, bayan abin ya faru muka haɗa kuɗi da wasu abokan aiki muka ɗauki mota zuwa Zariya a ranar hutunmu, ba mu nemi izinin kowa ba. A laburaren Kashim Ibrahim aka zaunar da mu aka nuna mana yadda suke ɗora kundayen digiri a rumbunsu na intanet, Kubanni, wanda aka gina a kan manhajar DSpace. Manhaja ce ta kyauta, haka ma Koha, ta sarrafa katalog da aron littattafai, da wani ɗan'uwa a Kano ya koya mini daga baya. Muka wuce Gidan Arewa a Kaduna muka ga yadda ake kula da rubutun hannu na Larabci da ajami. A nan na ji cewa salatef da laminatin da mutane ke yi wa tsohuwar takarda da sunan gyara, kashe ta suke yi. Sai na tuna garinmu, garin Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani, gidajen malamai cike da littattafan kakanni a cikin gafaka da akwatin ƙarfe, gara da damina suna ci. Haka a Daura. Wa aka horar a cikinmu ya shiga zauren malami da ladabi ya ce, Allah gafarta Malam, a ba mu dama mu ɗauki hoton shafukan nan mu mayar? Wannan aikin ba sai an ba mu biza ba.

Ba ina cewa ki haƙura da tafiyar ba ne, a'a, haƙƙinki ne, ki bi shi har ƙarshe. Kuma idan kin je kada gini da na'urori su ɗauke miki hankali. Ki ja ƙananan ma'aikatansu gefe ki tambaye su yadda suke ƙirga masu shigowa, yadda suke kare kasafin kuɗinsu a gaban hukuma, me suke yi wa yara da makafi. Ki rubuta duk abin da zai yi aiki a inda wuta ke ɗaukewa da rana tsaka. Ki karɓi lambobin 'yan Gana da Yuganda da Kenya da za ku zauna tare, matsalarsu irin tamu ce, su za ki riƙa tuntuɓa bayan kin dawo.

Ki yi mini magana ta gefe yau da daddare, zan turo miki irin takardar da nake rubuta wa yaran da ke ƙarƙashina yanzu, ki canza suna kawai. Kuma ki gaya mini ranar da wa'adin zai cika. Idan a Katsina kike, ni da kaina zan raka ki ofishin. Allah Ya buɗe miki hanya, Ya tausasa zuciyarsa.