Amsa ga majon (infirmiyar da ke shugabantar asibiti) da ta ce ita kaɗai ce a CSI ɗinta, wato ƙaramin asibitin gwamnati a Nijar

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari, Allah shi ba da lada. Kin tambaya don me aka bar ki ke da benebol (mai aikin sa kai) guda alhali makarantu na ta yaye infirmiyoyi, kuma yaya za ki yi da damina. Wallahi inda ke miki ƙaiƙayi nan ke mana.

Masu difloma ba su ƙare ba. Ga su nan cikin Maradi, wasu daga ENSP, makarantar koyon aikin lafiya ta gwamnati da ke Zinder, wasu daga makarantun kuɗi, shekara da shekaru suna aikin sa kai ba matirikil (lambar ma'aikacin gwamnati), don gwamnati ba kullum take ɗauka ba. Waɗanda aka ɗauka kuwa, abin da ke ƙona mini rai ke nan. A tura mutum Bermo ko ƙauyukan Dakoro, ya je ya sa hannu, kafin damina ta zagayo ya nemo takardar komawa birni, don yana da uwa a gindin murhu. Sunansa na nan cikin lissafin gunduma, jikinsa ba ya nan, in kin nemi ƙari a ce ai an ba ku. Wanda ya goge kuma, ƙungiyoyin agaji sun fi biya, ba mai ganin laifinsa. Ga maganin kyauta na yara 'yan ƙasa da shekara 5 tun 2006: alheri ne babba, amma jama'a ta ƙaru, kuɗin da gwamnati ke mayar wa asibiti na jinkiri, asusun COGES (kwamitin jama'a mai kula da kuɗin asibiti) ba ya iya ɗaukar ko mutum guda.

Illar duk da dare take fitowa, cikin Satumba. Mace na kan gwiwa, an shigo da yaro yana jijjiga, wani ruwan da aka ɗaura masa ya ƙare jini ya hau roba. Hannu biyu gare ki. Nan ake mance allurar artesunat (maganin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani) ta awa 12, nan ake barin mai jego ba a taɓa cikinta ba har jini ya ɓalle.

Don Allah ki manna takardar awo a bango: 3 mg kowane kilo ga wanda bai kai kilo 20 ba, 2,4 ga wanda ya kai. In kin haɗa artesunat kar ya wuce awa guda ba a yi allurar ba. Ki rubuta lokacin allura ta gaba kan filastar hannun yaron, ta awa 12 da ta 24, ko uwar ta tuna miki. Da safe benebol ya bi layi tun daga ƙofa ya fiddo mai jijjiga, wanda ya kasa shan nono, da mai tafin hannu fari fat. Wannan na ƙarshe ki tura shi asibitin gunduma da rana tsaka, ki zauna da COGES tun yanzu kan kuɗin man ambilans. Ki riƙe rele ɗinki (masu taimaka wa asibiti cikin ƙauyuka) da kyau lokacin rabon CPS, maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na yara, daga Yuli, su ke rage miki layin nan.

Kowane rahoton wata kuma ki rubuta yawan jama'arki kusa da ƙa'idar infirmiye 1 ga mutum 5000, ki sa maigari da shugabannin gari su bi takardar da ƙafarsu. Ki ɗan runtsa bayan azahar, ko awa biyu, kafin gardi, wato aikin dare, ta same ki.